Girar Hajiya Tasalla

Kazaure,
3 ga Afirilu.

Zuwa ga ɗana Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nafisat da jaririyarku Sa'adiyya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu gaba.

Akwai wani kuskure da yawancin mutane ke yi, kai ma ka yi shi jiya a waya kafin ka ce kana cikin taro ka kashe. Ka ce, "Inna, idon Hajiya ba ya bushewa, ai kullum cikin hawaye yake." Shekara ashirin da shida ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata, kuma duk shekara sai wata ta ɗaga hannu ta faɗi wannan magana. To, saurara. Sau da yawa mai bushewar ido shi ya fi kowa zubar da hawaye. Lafiyayyen ido yana da wata 'yar laima mai maiƙo da ke lulluɓe shi, kowace ƙiftawa tana sabunta ta. Idan laimar ta yi ƙaranci, sai idon ya riƙa zafi kamar an watsa masa yashi, sai ya ɓarke da ruwa don neman agaji. Ruwan nan tsinkakke ne, ba ya zama. Gangarowa yake yi kan kumatu ya bar idon yadda ya same shi. Irin hawayen mahaifiyarka ke nan, kuma ta fi shekara goma a haka.

Na zaɓi rubutu ne domin takarda ba a kashe ta. Zan ɗauki hotonta in turo maka, ka karanta har ƙarshe.

Daga bakin Nafisat na ji cewa makon jiya ka kai Hajiya Tasalla wani asibitin gyaran jiki a Abuja, har an sa ranar ashirin da huɗu ga wata za a yi mata tiyatar ɗaga gira, wai don fuskarta ta daina kama da ta mai fushi. Zaharadeen! Ni da na karɓe ka daga hannun yayata ranar da aka yaye ka, na riƙe ka har ka gama sakandare, ban isa a shawarce ni ba? Ba ma wannan ne ya fi ɓata mini rai ba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne babu wanda ya tsaya ya dubi idon.

Zauna in yi maka darasi kamar da. Sa yatsu biyu a saman girarka, ka tura fatar goshin sama. Yanzu rufe ido a hankali, irin rufewar barci. Ka ji yadda fatar idon take turjewa kafin ta sauka? Abin da likita zai yi ke nan, sai dai shi zai tsaga ta cikin gashi, ya ja goshin sama, ya ɗaure shi a can. Bayan aikin, akwai waɗanda idonsu ba ya rufewa ruf har na makonni, saboda kumburi da ja. Mai lafiyayyen ido yakan jure har wurin ya saki. Wanda idonsa ya riga ya bushe kuwa, wannan 'yar ƙofar da ta rage a buɗe ita ce masifa. Iska tana shiga yana barci, ƙiftawa ba ta shafe idon duka, saman baƙin idon ya bushe ya kakkarce, har yana iya zama gyambo. Gyambon wurin nan ko ya warke yakan bar tabo, tabon kuma hazo ne a kan gani. In kuwa aka ja da yawa, ba lallai ne rashin rufewar ya wuce ba.

Ban ce kowa haka yake ƙarewa ba. Cewa na yi mace mai shekara hamsin da uku, mai irin wannan ido, ba a taɓa goshinta sai likitan ido ya duba ya yarda. Ka tuna ɗinkin hula ne sana'arta, da idon nan take bin zare ɗaya bayan ɗaya, da shi take karatun Alƙur'aninta.

Ka koma ka faɗa wa likitan. Ka gaida Nafisat, ka shafa mini kan yarinya. Allah ya yi maka albarka, ko da yake raina a ɓace yake.

Innarka,
Mas'uda.


Abuja,
6 ga Afirilu.

Zuwa ga Innata, Malama Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, barka da aiki, barka da fama da ɗalibai. Na karanta har ƙarshe, har da tura goshin na yi a ofis, wani abokin aikina ya tambaye ni ko kaina ke ciwo.

Inna, ki gafarce ni da ban shawarce ki ba, amma ki bari in faɗi nawa. Ba ki samu zuwa sunan Sa'adiyya ba saboda jarrabawa, ba ki ga abin da na gani ba. Mai hoto sau uku yana cewa, "Hajiya, a ɗan saki fuska." Ga jikarta a cinyarta, ga girar nan ta sauko ta haɗe kamar wadda aka kawo dole. Wata ƙanwar surukata ta ce, da ƙarfi yadda zan ji, "Wannan uwar angon ko dai ba ta so haihuwar ba ne?" Aka yi dariya. Hoton yana nan yana yawo a wayoyin danginsu. Ni na san Hajiya ba ta da mugun hali, amma ba zan bi mutum ɗari biyu ina yi musu bayani ba.

Surukata, Hajiya Jannatu, an yi mata wannan aikin shekara biyu da suka wuce, a wannan asibitin. Ki gan ta yanzu, fuska a buɗe, kowa na cewa ta koma yarinya. Ban ji ta taɓa kuka da ido ba. Likitan ba ɗan koyo ba ne. Ya ba mu fom mai shafi huɗu, ni na cike shi da hannuna. Inda aka tambaya ko tana da ciwon ido na rubuta a'a, kuma ba ƙarya na yi ba. Mace da ke zura zare a allura ba tabarau, ta ina ciwon ido ya kama ta? Har ma ya ce zai ɗan rage fatar da ta yi yawa a saman idon a zama ɗaya, don kada a wahalar da ita sau biyu.

Kuma na tambaye ta. A mota na tambaye ta, muna hanya, ta ce, "To." Tana gaban likita ba ta ce uffan ba. Da ba ta so, ai da ta faɗa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, da mota na saya mata, ko Umara na kai ta, da kowa ya sa albarka. Da na nemi gyara abin da ake yi mata dariya a kansa, sai na zama mai laifi. Matan masu hali suna yi, ita don tana zaune a Roni ba ta cancanta ba?

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa ganin Hajiya ta dube ni da sakakkiyar fuska ba. Ina so in gani, ko sau ɗaya ne.

Ranar tana nan yadda aka sa. Zan zo in ɗauke ta ranar ashirin da biyu. Ki sa mana albarka. Nafisat tana gaishe ki.

Ɗanki mai biyayya,
Zaharadeen.


Kazaure,
8 ga Afirilu.

Zuwa ga Yaya Tasalla,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ya zafi, ya ɗinki? Sama'ilu direban motar Roni zai kawo miki wannan, tare da kwalba biyu na maganin ɗigawa, don na san wancan ya kusa ƙarewa. Ban kira ba saboda wayarki kullum a tsakar gida ake ɗaga ta, kowa na ji.

Yaya, me ya same ki? An ce za a tsaga miki goshi kin ce "to"? Ke da ba kya iya zama a ƙarƙashin fanka? Ke da in ana shiƙar gero a maƙwabta sai kin shige ɗaki kin ja labule? Ke da na sha tarar da ke bayan azahar da jiƙaƙƙen tsumma a kan ido? Kwalli ma kin bar shi tun bikin ƙanwarmu Dela saboda raɗaɗi. Duk wannan kika zauna gaban likita kika haɗiye?

Ɗanki ya rubuta wa likita cewa ba ki da ciwon ido. Bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin ba ki taɓa ɗiga magani yana wurin ba. Yanzu har fatar saman idon za su rage, wanda shi ne ya fi haɗari ga irinki. In idon nan ya ƙi rufewa, Yaya, ba hula kaɗai za ki bari ba. Ni ba tsorata ki nake yi ba, abin da na karanta kuma nake koyarwa nake faɗa miki.

Ni na koya miki boko a kan tabarmar Baba, kin iya rubutu sarai. Ki ba Sama'ilu amsa ranar kasuwa. Ko dai ki faɗa wa yaron nan gaskiya da bakinki, ko ki ba ni izini in faɗa masa duka.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Mas'uda.


Roni,
11 ga Afirilu.

Malama sarkin faɗa,

Salamu alaikum. Na ga takarda, na ga magani, Allah ya saka. Muna lafiya. Akuyar nan ja ta haifi biyu. Ki yi haƙuri da rubutun, ina yi ina share ido.

Kin cika shafi da tambaya kamar ina ajinki. Bari in ba ki amsa.

Kin san gidanmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a kallonsa ido cikin ido. Haka Innarmu ta yi wa Yaya Ahmad har ta koma ga Allah, haka na tashi na gani. Ke kin yi boko mai zurfi kin watsar, ni ban iya ba. Ɗan naki tun da aka haife shi ban taɓa musa masa magana ba, don ba mu taɓa yin maganar da ta kai a musa ba. Gaisuwa ce, ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango, ya tashi.

Ran nan ya ɗauke ni a mota shi da kansa, ba direba. Awa bakwai, Mas'uda. Ya tsaya a Zariya ya sayo mini ayaba da ruwa. Ya ce, "Hajiya, akwai abin da nake so in yi miki." Tun da yake bai taɓa neman komai a wurina ba. Komai wurinki yake nema. Ranar farko da ya nema sai in ce a'a? Da wane bakin?

A asibitin kuwa, ɗakin likita sanyin esi ne kamar cikin randa. Idona ya kama wuta, ruwa na zuba. Likita ya miƙo mini takardar share hawaye, ya yi Turanci, ɗan naki ya ce wai kada in ji tsoro, ba zafi. Su biyu suka yi ta Turancinsu, yana tambaya, wancan yana amsawa yana rubutu. Kwalbar maganin tana cikin jakata, hannuna yana kanta. In fito da ita in ƙaryata ɗana gaban baƙo? Na bar ta.

Maganar matan Abuja na ji ta da kunnena, ba kurma ba ce ni. Ba ta dame ni ba. Girar nan ta Baba ce, ke ma kina da rabinta. Abin da ya dame ni tsoho ne. Kin tuna hutun da kika kawo shi yana shekara takwas? Ina bayan rumbu ina tankaɗe, na ji ya ce miki, "Inna, me na yi wa Hajiya take jin haushina?" Kika ce masa ba komai, je ka yi wasa. Ni ban je ko'ina ba. Ina nan bayan rumbun har yau.

In yanka goshi ne zai sa yaron nan ya daina zaton haka, a yanka. Ido na Allah ne. Na ga duniya iyakar gani.

Ban ba ki izini ba. Kada ki faɗa masa komai, kada ki sa shi jin kunya gaban surukansa. Hularsa ta babbar Sallah saura ƙasan, zan yi sauri in gama kafin ashirin da biyu in aiko miki kamar kullum.

Ki gaida ɗalibanki marasa jin magana.

Yayarki,
Tasalla.


Kazaure,
12 ga Afirilu.

Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, ka yi haƙuri.

Mahaifiyarka ta hana ni faɗa maka abin da zan faɗa. Ban taɓa saɓa mata ba tun muna yara. Yau zan saɓa, in ta yi fushi da ni na ɗauka.

Ka ce ka tambaye ta ta ce "to". Kai ɗan ina ne? A gidan wa ka tashi da ba ka san "to" ɗin uwa ga ɗan fari ba? Ko cewa ka yi za ka sayar da gonarta, "to" za ta ce. Ka kai ta gaban likita, kuka yi ta Turanci a kanta kamar mota aka kawo gareji, ka amsa tambayoyin jikinta ba ka juya ka tambaye ta ko ɗaya ba. Hawayen da kuka ce na tsoro ne, sanyin ɗakin ne ya ƙone mata ido. Maganin da take ɗigawa sau biyar a yini yana cikin jakarta a lokacin, hannunta a kai. Ta ƙi fito da shi don kada ta ƙaryata ka. Ka ce ba ƙarya ka rubuta ba. Na yarda. Jahilci ka rubuta, kuma likita zai yi yanka ne a kan jahilcin nan. Kaifin gani daban, laimar ido daban. Mutum yana iya zura zare a allura da idon da ke ci masa wuta.

Yanzu maganar fuska. Ka ce ba ta taɓa duban ka da sakakkiyar fuska ba. Girarta gado ce, wannan gaskiya ne. Amma layukan nan biyu da ke tsakanin girar, ka san inda ta samo su? Mai bushewar ido yana ƙanƙance ido ne don ya rage iskar da ke shiga, musamman in ya ƙura wa abu ido, domin mai ɗinki yakan manta da ƙiftawa. Je ka buɗe durowarka. Ƙirga hulunan da nake ba ka duk Sallah tun kana aji ɗaya, waɗanda kake cewa "hular Inna". Zaharadeen, ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa daidai ba, ka sani, ka sha zuwa makaranta da riga a karkace. Ita ce. Kowace ɗaya. Wata biyu take yi a kan taka, ta 'yan kasuwa kuwa sati uku. Ta naɗe a tsumma ta aiko mini, da sharaɗin kada in faɗa. Yanzu haka tana can tana gaggawar gama ta bana kafin ka zo ka ɗauke ta, domin ita ma ba ta da tabbacin za ta iya bayan aikin. Ta san haɗarin, ta yarda, saboda kana shekara takwas ka tambaye ni me ka yi mata take jin haushinka, ita kuwa tana bayan rumbu ta ji.

Laifina a nan shi ne na ce maka je ka yi wasa. Ya kamata in zaunar da kai in bayyana maka. Ina koya wa 'ya'yan mutane, na bar nawa cikin duhu.

Likita zai iya ɗaga gira. Ba zai sa ta dube ka ba, domin ba gira ce ta hana ta ba. Za ka samu uwa mai buɗaɗɗiyar fuska tana kallon bango, da idon da ba ya rufewa.

Saura kwana goma sha biyu. Ka kai wa likitan wannan takarda in ka ga dama, ka fassara masa, tunda ka iya fassara.

Allah ya shirya mana kai.

Innarka,
Mas'uda.


Abuja,
16 ga Afirilu.

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na ƙirga. Goma sha tara ne a nan, ban da waɗanda suka yi mini kaɗan na bayar.

Na koma asibitin ni kaɗai. Da na faɗa wa likita maganar ɗigawa sau biyar, da yadda sanyin ɗakinsa ya ƙone mata ido, sai ya ajiye abin rubutunsa ya dube ni. Ya jawo fom ɗin ya nuna mini layi na tara: ko idonta yana zafi, ko yana yawan ruwa, ko tana ɗiga wani magani. Duk na sa a'a. Wallahi, Inna, ban ma tuna na karanta layin ba. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya ga tana hawaye ya kamata ya nemo ma'aikaciya mai jin Hausa ta tambaye ta ita kaɗai, ba ta bakina ba. Ya soke ranar. Ya ce ba zai taɓa ta ba sai da takardar likitan ido, rage fatar ido kuwa a manta da shi gaba ɗaya.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Da na dawo gida na ba Nafisat labari, sai ta ce tun da aka yi wa mamarta aikin, ba ta kwanciya sai ta matsa wani man shafawa a cikin ido, kuma watanni huɗun farko da filasta ake manne mata fatar idon kafin ta yi barci. Baƙin gilashin da take sawa ko a cikin falo, da nake zaton gayu ne, haske ne ba ta iya jurewa. Ita da idonta lafiya lau kafin aikin! Na ce don me ba wanda ya faɗa mini? Ta ce Mama ta hana, ba ta so a ce ta yi don kyau ta jawo wa kanta. Suna kallo ina shirin kai uwata, matar nan har tana ce mini na kyauta. Ban yi wa kowa rashin kunya ba, amma na fita na daɗe a mota kafin na iya komawa ciki. Na gane kuma Nafisat da gangan ta tsegunta miki tun farko, don ta san ke ba za ki yi shiru ba.

Yanzu ina roƙon ki abu ɗaya. Ki je Roni ki faɗa wa Hajiya an fasa. Na samo likitan ido a Kano, ranar ashirin da biyu da safe, zan turo mota ki raka ta. Ni ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Zaharadeen.


Kazaure,
17 ga Afirilu.

Ɗana,

Assalamu alaikum. Na yafe maka tun kafin ka roƙa. Ka gode wa Nafisat, ka riƙe ta da kyau.

Amma ba zan je ba. Shekara talatin da biyu ina ɗaukar saƙo tsakaninku, ga inda ya kai mu. In ka turo mota ba kai a ciki, za ta ce ka yi fushi ne ka janye, ta ƙara wannan a kan na bayan rumbu. Ka riga ka ce mata za ka zo ranar ashirin da biyu. Ka zo tun ashirin da ɗaya. Da idon da Allah ya ba ka za ka dube ta. Ka sa ɗaya daga cikin goma sha taran.

Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka,
Mas'uda.


Roni,
25 ga Afirilu.

Malama mai tona asiri,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ban huce da ke ba tukuna, amma ga kuka da daddawa Sama'ilu zai ba ki.

Ya zo. Da hular shekarar da aka yi ambaliya a kansa, mai zaren toka. Ya durƙusa a bakin ƙofa, na amsa, sai ya ƙi tashi. Ya ce an fasa, ya ce in yafe masa. Na ce wa bango ba komai.

A Kano likitar mace ce, Bahaushiya. Ta kore shi waje ta tambaye ni da kaina. Ta saƙala mini wata 'yar takarda a gefen kowane ido, minti biyar, ta cire kusan a bushe. Ta ɗiga wani ruwa rawaya ta haska, ta ce akwai 'yan karce tun yanzu. Ta ce goshin nan a bar shi inda Allah ya ajiye shi. Ta canza magani, ta ce ɗinki awa ɗaya a huta, a riƙa ƙiftawa da gangan.

Sai ta kira shi ta ce ya koyi ɗigawa, wai ina zubar da rabi a kumatu. Mas'uda, ba a ɗiga wa mutum magani yana kallon bango. Ya riƙe mini haɓa ya ce, "Hajiya, dubi sama." Saman kuwa shi ne. Ashe yana da furfura uku a gemu. Ashe girar Baba ce sak a fuskarsa, ya haɗe ta yana auna ɗigo kamar mai shirin dambe. Dariya ta ƙwace mini, maganin ya zube. Likita ta yi mana faɗa mu biyu.

Hular bana ba za ta biyo ta wurinki ba. Na miƙa masa da hannuna, ko da yake na kau da kai.

Saura ke. Likitar ta nuna mana wani gwaji. A zauna inda ba fanka, a ƙura wa abu ɗaya ido, a ƙirga a hankali ba ƙiftawa. Wanda idonsa ya yi yaji kafin goma, ya je a duba shi. Ni na kai huɗu. Ɗan naki bakwai, an ba shi nasa maganin. Ke da kike kwana kan takardun yara kina murza ido kina cewa alli ne, ajiye jan biron nan, ki dubi ƙusar da ke bangon ɗakinki, ki gwada da kanki. Ki rubuto mini nawa kika kai, kuma kada ki ƙara ko ɗaya.

Yayarki,
Tasalla.